In Ganga Ta Cika Zaƙi, Ta Kusa Fashewa

Jama'a, duk ɗalibin da ya taɓa raba dare yana bitar darasi ya san wani irin baƙo da kan shigo ɗaki ba sallama. Tun motar tana nesa za ka ji gilashin taga ya soma karkarwa, ƙirjinka yana amsawa, dum, dum, dum. Ka kasa kunne ko za ka gane waƙar da ake yi, amma ina! Babu kalma ko ɗaya da ke isowa, sai wannan duka kaɗai. Can sai ga wata a-kori-kura ta gifta, wani matashi riƙe da sitiyari yana gyaɗa kai, shi a ganinsa ya burge duniya. Kafin ka koma kan shafin da ka bari, abin da ka haddace ya bi iska.

A kan wannan al'amari muke so mu yi tsokaci a wannan fitowa ta mujallarmu, watau ɗabi'ar nan da ta zama yayi, ta ƙara wa rediyon da mota ta zo da shi daga kamfani amfilifaya da babbar lasifikar nan da ake kira wufa. Tun da farko ya kamata mu faɗi gaskiya, mu ma ba mu tsira ba. Mun yi, mun kuma ɗanɗana kuɗarmu, kamar yadda mai karatu zai ji nan gaba. Ra'ayinmu shi ne, son jin sauti mai daɗi a mota ba laifi ba ne, kuma akwai hanyar biyan wannan bukata cikin ilimi. Abin da ya gurɓata lamarin shi ne mun ɗauki ƙara a matsayin daɗi, muna sayen lambobin da aka rubuta a jikin kwali, muna kuwa biya da kuɗinmu da kunnuwanmu da barcin maƙwabtanmu.

Bari mu fara da bai wa masu wannan sha'awa haƙƙinsu. A-kori-kura motar aiki ce. Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda suka cika hanyoyinmu musamman bayan buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, har zuwa Toyota Hilux ta yau, abin da ake nema a wurinta shi ne ta ɗauki buhunan masara da taki, ta jure wa ramuka. Saboda haka masu ƙera ta ba su cika kashe kuɗi a kan kayan sauti ba. Rediyon da ke cikinta yana aiki ne da lantarkin mota, wanda ƙarfin turinsa bolt 12 ne, yakan kai 14 idan inji na tafiya. Da wannan ɗan turi, abin da rediyon ke iya bai wa kowace lasifika bai cika wuce wat 15 zuwa 20 na gaskiya ba. Lasifikokin ƙofa kuwa ƙanana ne, faɗinsu inci 6 ko abin da ya yi kusa da haka.

Shi sauti girgizar iska ne. Kunnen matashi lafiyayye yana jin girgiza daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Siririn sauti, irin na sarewa ko kuntigi, girgizarsa da sauri take, ƙaramar lasifika ma tana iya fitar da shi. Amma amo mai kauri, irin wanda mutum kan ji a ƙirjinsa idan an buga tambari, girgizarsa ba ta wuce sau 80 ko 100 a daƙiƙa ba, kuma ba ya fita sai an tura iska mai yawa. Kamar yadda ba a samun muryar tambari a fatar kalangu, haka lasifikar ƙofa ba ta iya aikin wufa. Bugu da ƙari, gunjin inji da na taya a kan kwalta shi ma amo ne mai kauri, yana haɗiye ɗan abin da ya rage. Shi ya sa za ka ga direba ya murɗa rediyo har ƙarshe yana neman abin da ba ya nan, lasifika tana ta ƙugi. Ƙaramar wufa da aka daidaita sosai tana cike wannan gurbi, har mutum ya ji kiɗa cikakke ba tare da ya ƙure murya ba. Wannan shi ne amfaninta na gaskiya, kuma ba mu ga abin zargi a cikinsa ba.

To, ga abin da ya same mu. A dogon hutun da ya wuce, mu uku ne abokai, mahaifin ɗayanmu yana da Hilux mai ƙofa biyu da yake jigilar hatsi da ita daga ƙauye zuwa kasuwa. Ya danƙa mana ita muna taya shi aikin. Muka haɗa ɗan abin da muka tara, muka shiga kasuwa. Aka nuna mana amfilifaya biyu, ɗaya an rubuta wat 300 a jikinta, ɗayar kuwa 5000 da manyan jajayen lambobi, ga shi kuma ta fi araha. Ba mu tsaya shawara ba muka ɗauki mai 5000, muka nufi wurin wani mai rewaya. Ya ce mu sayo waya mai kauri da fiyus ɗin da za a sa kusa da batir. Muka duba aljihu, babu. Muka ce ya yi amfani da abin da ke akwai. "To, samari, ku kuka ce a yi haka," in ji shi. Ya zura wata siririyar waya ta cikin wata kafa a jikin ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, ya ɗaura, muka kama hanya.

Kwana tara muka yi muna cin duniyarmu da tsinke. A rana ta goma, muna dawowa da buhunan gero, sai muka ji warin roba, kafin mu ankara hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin dashbod. Ashe kaifin ƙarfen nan ya yi ta cin robar wayar har ya kai ga tagulla. Muka kashe mota, amma hayaƙi sai ƙaruwa yake yi, domin wayar kai tsaye ta fito daga batir, babu ruwanta da makulli. Allah ya kawo mana wani direban babbar mota ya tsaya da sifana a hannu, ya cire kan batir, muka yi ta watsa ƙasa. Wayoyin motar da yawa sun narke. Ta yi mako uku a gareji a tsakiyar kaka, lokacin da ake samun abin da za a ci shekara da shi. Baba bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kun ji kiɗa, madalla. Saura ku gaya mini wanda zai kai geron." Da dukanmu ya yi da ya fi mana sauƙi.

Tun daga ranar muka shiga tambayar 'yan'uwanmu masu karatun injiniya da tsofaffin masu rewaya, kuma abin da muka koya shi muke so mu shimfiɗa a nan. Darasi na farko shi ne, lambar da ke jikin kwali ba shaida ba ce. Idan ka ga an rubuta PMPO ko Max kusa da ita, to, adon talla ne. Ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a dore shi ne wanda ake rubutawa da haruffan RMS. Akwai kuma lissafi mai sauƙi da duk wanda ya zauna a ajin kimiyya a sakandare ya sani, cewa wat shi ne bolt sau amfiya. Dubi fiyus ɗin da ke jikin amfilifayar. Tamu mai amfiya 30 ce. Idan aka ninka 30 sau 14 za a sami 420, kuma a cikin wannan ma wani kaso zafi yake zama. Kafin na'ura ta ba da wat 5000 na gaskiya sai ta ja fiye da amfiya 350, alhali altanetar irin waɗannan motoci sau da yawa tsakanin amfiya 80 ne zuwa 120. Watau dai mun sayi ƙarya da kuɗinmu, kuma da mun yi wannan ɗan lissafi a bakin shago da mun gane. Araha ba ta ado.

Ko da na'urar ta gaskiya ce, sai an duba abin da mota za ta iya ɗauka. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, irin ta zamani marar ɓarnar wuta, tana iya jan kusan amfiya 45 idan aka ƙure ta, tsohon samfuri kuwa ya fi haka ci. Ita altanetar kuma ga fitilu, ga fankar inji, ga na'urar sanyaya mota, ga cajin batir, duk a kanta. Idan ka ga fitilun gaba suna lumshewa duk lokacin da ganga ta buga, motar ce ke gaya maka ka ɗora mata Dala ba gammo. Ƙarshen abin shi ne batir ya mutu da wuri, altaneta ta bi bayansa.

Darasi na biyu shi ne wanda ya kusa cinye mana mota. Fiyus ɗin da ke jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa. Doguwar wayar da ta taso daga batir tana bukatar nata fiyus, kuma a sa shi kusa da kan batir, kada ya wuce kamar santimita 45, domin idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfe a ko'ina, shi zai tsinke kafin ta yi ja. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Kaurinta ya dace da wutar da za ta ɗauka. A lura kuma, kasuwa cike take da wayar alminiyum da aka shafa wa tagulla a sama. Kankare bakinta da wuƙa, idan ka ga fari a ciki ita ce, kuma alminiyum kusan kashi 60 cikin 100 kawai yake ɗauka na abin da tagulla mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka. Wayar da ake ɗaurawa a jikin mota kuwa ta zama gajera, a kankare fenti har sai ƙarfe ya fito, a ɗaure ta tamau. Dukkan waɗannan kuɗinsu bai kai na wufar ba, amma su ne muka fara yankewa da kuɗi ya gaza.

Darasi na uku ya shafi haɗa na'urar da rediyon kamfani. Ba dole ba ne a tumɓuke shi, musamman a sababbin motoci inda rediyon ke haɗe da maɓallan sitiyari da allon kyamarar baya. Akwai wata 'yar na'ura da ke ɗaukar sauti daga wayoyin lasifika ta rage ƙarfinsa zuwa abin da amfilifaya ke bukata, wasu amfilifayoyin ma suna karɓa kai tsaye. Kada ka yarda a datse damin wayoyin mota barkatai, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. A tabbata amfilifaya tana mutuwa idan an kashe mota, in ba haka ba za ka wayi gari kana neman masu turi. Sannan akwai wani maɓalli a jikinta da mutane suka ɗauka na ƙara murya ne, suke murɗa shi har ƙarshe. Aikinsa shi ne daidaita abin da ke shigowa daga rediyo da abin da na'urar za ta iya sarrafawa. Idan ya wuce kima sauti yakan gurɓace, naɗin wayar da ke cikin wufa ya yi zafi ya ƙone, mai ita kuma ya koma yana zagin wanda ya sayar masa. A kuma saita ta yadda abin da ya wuce girgiza 80 a daƙiƙa ba zai shiga wufa ba, a bar wa lasifikokin ƙofa muryar mawaƙi.

Game da girma, ɗakin a-kori-kura ɗan ƙarami ne, kuma ƙaramin ɗaki da kansa yana ƙara wa amo mai kauri ƙarfi. Wufa ɗaya mai inci 8 ko 10, marar zurfi, a cikin rufaffen akwati bayan kujera ko ƙarƙashinta, da wat 150 zuwa 300 na gaskiya, ta ishi mai neman daɗi. A ɗaure akwatin da noti, domin ranar da aka taka birki da ƙarfi zai iya zama makami. Wanda ke ganin ƙarin wat shi ne ƙarin ƙara, to, ya sani ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji sauti ya ninka sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi mota tsada. A cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Watau a 88 awa 4, a 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15. Motar da aka cika da kayan sauti aka rufe gilashi tana wuce 100 cikin sauƙi. A ƙasashen da ake gasar ƙarar mota, irin su Amurka, akan wuce desibel 150, amma su masu gasar a waje suke tsayawa su kunna, ba sa zama a ciki. Mu kuwa mun kwaikwayi kayan, muka shiga ciki muka zauna. Gaskiya ne amo mai kauri bai kai siriri saurin cutar da kunne ba, sai dai wanda ya ɗaga wufa yakan ɗaga sauran don su kamo ta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara fiye da kima. Idan ka sauka daga mota ka ji kunnenka yana tsuwa, ko maganar mutane tana zo maka kamar daga cikin tulu, gargaɗi ne. Mu da za mu zama malamai da lauyoyi da likitoci, da wane kunne za mu saurari ɗalibi, ko mai ƙara, ko bugun zuciyar majinyaci?

Mun san abin da wani zai ce: motata ce, kuɗina ne, kunnena ne. Da abin a cikin motar yake tsayawa da mun yi shiru. Amma zangon sauti mai girgiza 40 a daƙiƙa ya fi mita 8 tsawo, irin wannan kuwa gilashi da ƙofa ba sa tare shi yadda suke tare siririn sauti. Shi ya sa wanda ke cikin gida ba ya jin waƙarka, sai dukan kaɗai. Kai kana jin kiɗa, jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci da tsohuwar da ke fama da ciwon kai suna jin azaba. Haka kuma direban da ya toshe kunnensa ba zai ji hon ɗin mai babur ba, ba zai ji jiniyar motar asibiti ba, ba zai ji ihun yaro a bayansa ba, ba zai ma ji ƙarar da injinsa ya soma yi ba. Ƙasarmu tana da dokokin ƙayyade hayaniya tun 2009, a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA. Amma abin kunya ne a ce sai hukuma ta tilasta wa ɗan jami'a abin da tarbiyyar gida ta riga ta koya masa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, duk wanda zai yi wannan aiki ya yi shi kamar mai ilimi. Ya nemi izinin mai mota idan ba tasa ba ce. Ya yi lissafi kafin ya biya kuɗi. Ya fara sayen waya da fiyus kafin wufa, idan kuɗin bai isa duka ba ya haƙura sai ya isa. Ya saurari mai rewaya idan ya ba shi shawara, domin namu ya faɗa mana gaskiya, mu ne muka ƙi ji. Ya rage murya idan ya shigo unguwa, ko harabar makaranta, ko kusa da asibiti. Ma'auni mai sauƙi shi ne, idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to, abin ya yi yawa. Muna kuma roƙon 'yan'uwanmu na sashen injiniyan lantarki da su riƙa wayar da kan sauranmu a kan waɗannan abubuwa, tun da ilimin da bai amfani maƙwabcin ɗaki ba da wuya ya amfani ƙasa.

Ita dai Hilux ɗin Baba ta dawo bakin aiki, da rediyonta na asali. Har yau muna biyan kuɗin gyaran kaɗan-kaɗan daga ɗan guzurin makaranta, ita kuwa amfilifayar mai wat 5000 tana nan a ƙarƙashin gado, mun rasa mai saye ko da rabin kuɗi. Allah ya sa wani ya koya daga namu, ba sai ya ji warin roba ba.